Fitilar cek ta kama a Corolla: abin da nake rubutawa tun daga lokacin

Asabar, 7 ga Disamba, 2024

Tun ranar Laraba fitilar cek, wato fitilar gargaɗin matsalar injin, ta kama, ina hanyar gida daidai Ƙofar Kaura a Katsina. A tsaye take, ba ta ƙiftawa. Motar Corolla ce ƙirar 2006, injin 1ZZ mai lita 1.8, giya otomatik, irin wadda aka ƙera don kasuwar Amurka, ta shigo ta Kwatano kafin ta zo hannuna. Tafiya dai tana yi lafiya lau. Abin da na lura da shi kawai shi ne da asuba idan na tayar da ita sulonta na ɗan rawa, sai injin ya yi ɗumi ya daidaita.

Shawarwari na samu iri-iri a wajen aiki. Wani ya ce in cire kan batir na ɗan lokaci, za ta mutu. Wani ya ce tasa ta shekara a kunne ba abin da ya faru. Akwai wanda ya ce mai rewaya ya cire masa ƙwan fitilar gaba ɗaya ya huta. Ban ɗauki ko ɗaya ba, domin ranar da babbar matsala za ta zo, ta wannan fitilar kaɗai motar za ta iya gaya mini.

Yau na kai aka sa mata kwamfuta a wani gareji. Yaron ya jona na'urarsa, ya duba, ya ce, "Alhaji, oksijin sensa ce," kafin in buɗe baki har ya goge lambar matsalar, fitila ta mutu. Da na matsa sai ya ce lambar da ta fito P0171 ce. Ya karɓi N3,000, ya ce zai samo mini sensa Beljiyam a kan N45,000. Na ce ya bari in yi shawara.

Talata, 10 ga Disamba

Fitilar ta dawo da safiyar yau.

Na zauna na karanta ma'anar lambar a nutse. P0171 ba ta ce sensa ta mutu ba. Abin da take nufi shi ne iska ta yi wa fetur yawa a cikin injin, har birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ya ƙara mai iya ƙarawarsa bai cike giɓin ba. Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. Oksijin sensa, wadda ke bakin salansa, ita ce take shinshina hayaƙi ta kai rahoto. Idan mai gadi ya yi ihun ɓarawo, sai an zagaya gida an duba kafin a ce mai gadin ne ya samu matsala. Abubuwan da ke kawo wannan lamba suna da yawa: iska na shiga ta wata kafa da ba a auna ba, ko sensar da ke auna iska ta yi datti, ko fil famfo ya yi sanyi, ko nozul sun toshe, sai can ƙarshe ita kanta sensar hayaƙin.

Na kira ƙanena da ke Kano na ce ya nemo mini ƙaramar na'urar nan ta ELM327 mai haɗuwa da waya ta Bluetooth. Ya ce, "Yaya, akwai ta N12,000, in ba direba gobe." Kuɗin direba N1,000.

Alhamis, 12 ga Disamba

Na'urar ta iso, na karɓo a tasha. Soket ɗin da ake jona ta yana ƙarƙashin sitiyari ta hagu, mai ƙofofi 16. Tsarin sunansa OBD2, kuma dole ne a kan duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka tun 1996, a Turai kuwa motocin fetur tun 2001. Shi ya sa na'ura ɗaya take karanta Toyota da Honda da Fijo in dai ba tsoffin yayi ba ne. Na sauke manhajar Car Scanner, na murɗa makulli ba tare da na tayar da injin ba, ta haɗu nan take.

Yadda ake karanta lambar ba wuya. Harafin farko yana nuna ɓangare: P injin da giya, B jikin mota, C ƙafa da birki, U sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Idan 0 ya biyo baya, ma'anar lambar ɗaya ce a kowace mota, idan 1 ne to ta kamfanin ce shi kaɗai.

Abin da ya fi lambar amfani shi ne bayanan da birenbos ya adana a daidai lokacin da ya kunna fitilar. Nawa sun nuna gudun mota 0, juyin injin 710 a minti, zafin ruwa digiri 71, gyaran mai (ƙari ko ragin man da birenbos ke yi) na dogon lokaci, wato LTFT, +26%, na nan take, STFT, +10%. Ke nan a tsaye motar take a sulo lokacin da abin ya kai maƙura. Waɗannan bayanan su ne aka goge mini ranar Asabar, kuma cire kan batir ma goge su yake yi. Duk wanda zai kai mota a sa mata kwamfuta, ya ce a bari ya ɗauki hoton allon da wayarsa kafin a taɓa komai.

A kula: soket ɗin yana da wuta ko mota na kashe, don haka a riƙa zare na'urar da dare saboda batir. Kuma irin wannan ƙaramar na'urar galibi injin kawai take gani, ba kasafai take shiga ABS ko iyabag ba.

Asabar, 14 ga Disamba

Na auna gyaran mai bayan injin ya yi zafi. A sulo jimlar biyun ta kai +30%. Da na riƙe totur a juyi 2,500 ta sauko +15%. Mota mai lafiya bai kamata ta wuce 10% sama ko ƙasa ba.

Ga yadda na fahimci lissafin. Idan kafa ce iska ke shiga, ta fi tasiri a sulo, saboda iskar da injin ke ja a lokacin kaɗan ce, ɗan ƙari sai ya zama babba. Da an ba da wuta sai lambar ta faɗo. Idan kuwa fil famfo ne ko sensar iska, akasin haka ake gani, lambar hawa take yi idan aka taka. Tawa ta faɗo amma ba ta faɗo sosai ba, sai na yi zargin abu biyu ne suka haɗu.

Na buɗe gidan iyakilina. Ƙurar hunturu ta cika shi, kuma ɗaya daga cikin maƙullan murfin bai kama ba, ƙura tana wucewa ta gefe. Na kwance sensar iska, wadda kanikawa ke kira iyafulo mita, sukurori biyu ne kawai. Siraran wayoyin da ke cikinta sun yi furfura da ƙura. Na fesa mata maganinta na musamman (N7,500), na bari ta bushe da kanta. Ba a taɓa wayoyin da tsinke ko auduga, ba a wanke ta da fetur, ba a kuma hura mata iskar mai faci. Sabon iyakilina N5,000.

Bayan na zagaya har Batagarawa na dawo: a juyi 2,500 +6%, a sulo +27%. Rabin aiki ya yi. Na goge lambar bayan na ɗauki hoto.

Lahadi, 15 ga Disamba

Ba fitila. Motar ta fi jan wuta a kan titi. Sulo da asuba bai canza ba.

Laraba, 18 ga Disamba

P0171 ta sake fitowa, kamar yadda lambobin sulo suka nuna za ta yi. Tun jiya na gan ta a jerin lambobi masu jiran tabbaci. Birenbos ba ya kunna fitila a kan irin wannan matsalar sai ya gan ta a tafiya biyu a jere, a ta farko ajiye ta yake yi a gefe. Wannan ne ya sa mutum yake barin gareji da murna, kwana biyu fitila ta dawo.

Akwai kuma wata sabuwa a jerin jiran, P0128. Zan zo kanta.

Asabar, 21 ga Disamba

Na kai motar wajen bakanikena tun jiya da yamma ta kwana a garejin, saboda ina son a yi mata gwajin feshi da sanyin safiya: a fesa kab kilina, wato maganin wanke kafireta, a inda ake zargin kafa, idan injin ya tsotse shi lambar gyaran mai za ta faɗo. Dattijo ne, ya fi shekara talatin yana aikin injin, kunnensa ya fi na'urar wasu. Da farko bai gamsu da wayata ba. Ya ce, "Malam, mi wannan abin zai gaya mani wanda ban ji da kunne ba?" Na ce, "Baba, ka yi feshin, ni zan riƙa karanto maka lamba."

Muka tayar da ita, muka jira har birenbos ya fara aiki da rahoton sensar hayaƙi. Ya bi robobin iska ɗaya bayan ɗaya da kab kilina (N3,500), da robar PCV mai fitar da tururin cikin injin, da ta bustar birki, lamba ba ta motsa ba. Da ya fesa a inda manifol, wato bututun da ke raba wa silindoji iska, ya haɗu da kan silinda, ta ɓangaren silinda ta ɗaya da ta biyu, STFT ta faɗo daga +12 zuwa -15 cikin daƙiƙa biyu, sulo ya ɗaga. Ya sake fesawa, ta sake faɗowa. Ya ajiye gwangwanin ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo.

Manifol ɗin wannan injin na roba ne, gaskit ɗinsa ma roba, kuma idan ya tsufa yakan lotse ya taurare. Da sanyi yake ƙara tsukewa ya buɗe kafa, idan injin ya yi zafi ya ɗan toshe. Shi ya sa abin bai bayyana ba sai da hunturu ya shigo. Gwajin feshin nan yana da haɗarin gobara, a yi shi da injin mai sanyi, a fili, da abin kashe wuta a kusa. Inda ake da na'urar hura hayaƙi cikin manifol, ita ta fi aminci.

Yaronsa ya je kasuwa ya sayo gaskit N4,000, aka ɗaura. Kuɗin aiki N8,000. A sulo lamba ta sauko +7%.

Talata, 24 ga Disamba

Koma baya. Tun jiya na ga lambar sulo tana hawa, +12, yau da safe +21, rawar asuba ta dawo har ta fi da. Na koma gareji muka sake feshi, wannan karon ta ɓangaren silinda ta huɗu ta amsa.

Da aka kwance manifol sai ga gaskit ɗin ya fita daga kwarminsa a kusurwa ɗaya, ya kuma tsage. Muka gwada shi da tsohon da aka cire, wanda Allah ya sa ba a yar ba. Sabon ya fi siranta, robarsa kuma ba ta dawowa idan aka matsa ta da farce. Kwalinsa dai kyakkyawa ne. Baba bai ji daɗi ba ko kaɗan, ya ce da ya duba shi da kansa kafin yaro ya ɗaura da bai bari ba. An mayar da shi da ɗan gam don in samu na zirga-zirga, ni kuma na sake kiran Kano a nemo na asali a Ƙofar Ruwa. N15,000, da N1,000 na direba.

Abin da ya fi ba ni takaici ba kuɗin ba ne. Da ba ni da hanyar ganin lambobin nan, da na ɗauka zancen gaskit ya ƙare tun ranar Asabar, da fitila ta dawo sai in ce ashe yaron farko ne ya yi gaskiya, in je in sayi sensa.

Asabar, 28 ga Disamba

An ɗaura na asali, mai ruwan lemo, ya fi kauri. Mun goge fuskar kan silinda tas, aka ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, a hankali, saboda manifol na roba ba ya son a danne shi da ƙarfi. Baba ya ce rabin kuɗi zai karɓa, N4,000. Sulo +3%, juyi 2,500 +2%.

Litinin, 30 ga Disamba

Lambobin mai suna nan daram. Rawar asuba ta tafi. Amma fitila ta kama da P0128.

Wannan lambar tana cewa ruwan injin bai kai zafin da ya kamata ba a cikin lokacin da birenbos ya ƙiyasta. Na bi zafin ruwa a waya daga gida zuwa hanyar Dutsinma da sassafe: ya tsaya tsakanin digiri 62 da 66, sai a go-sulo yake leƙa 72. Kuma fankar lagireto tana tashi da zarar an murɗa makulli, ba ta tsayawa. Ke nan wanda ya riƙe motar kafin ni ya sa an cire tamostat, abin da ke tare ruwa har injin ya yi zafi, an haɗa fanka dairek, kamar yadda aka saba yi wa motoci a nan da sunan maganin zafin Katsina. A watan Afrilu da rana ke wuce digiri 40 injin yana kai zafinsa ko babu tamostat, shi ya sa lambar ba ta taɓa fitowa ba sai yanzu.

Na san mutane da yawa ba za su yarda da ni ba a nan, har da Baba. Amma injin da ke aiki da sanyi ya fi shan mai, baƙin mai ba ya ƙone danshin da ke taruwa a cikinsa, ƙarafa kuma sun fi cin juna. Tamostat ɗin wannan injin yana fara buɗewa wajen digiri 82, idan ya buɗe ruwa na zagayawa yadda ya kamata. Motar da ke ɗaukar zafi da tamostat mai kyau a jikinta, a duba lagireto da murfinsa da famfon ruwa da fanka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ga lita ta haura N1,000 a ƙarshen 2024, ba ni da man da zan ƙona don injin ya zauna da sanyi.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

An sa tamostat da robarsa, N14,000. An zubar da ruwan rijiyar da ke ciki, wanda ya fito ja da tsatsa, aka zuba kulant na N12,000. Aiki N3,000. Mai rewaya ya warware haɗin da aka yi ya mayar da fanka kan rilenta, N3,000. Muka tsaya muna kallo: zafi ya hau ya zauna wajen 86, da ya haura 90 da ɗan wani abu fanka ta tashi da kanta, ta sauko da shi, ta tsaya. Baba ya ce, "To Malam, sai mun ga watan bazara." Na ce na yarda, zan kawo masa lambobin Afrilu ya gani.

Wannan karon ban goge lambar ba, na bar ta in ga ko za ta mutu da kanta.

Laraba, 8 ga Janairu

Fitila ta mutu da kanta. Haka tsarin yake, idan birenbos ya yi gwajinsa a tafiya uku a jere bai ga matsalar ba, sai ya kashe. Na cika tanki na rubuta kilomita.

Asabar, 11 ga Janairu

Mun tafi ɗaurin aure Daura, ni da kawuna da maƙwabta biyu. Mun wuce Mashi kaɗan, ina ƙoƙarin wuce wata babbar mota, sai injin ya fara fizga, fitilar cek ta shiga ƙiftawa. Kawu ya ce, "Ɗana, taka mu isa, saura kaɗan." Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, wannan ba irin waccan ba ce." Na sauka gefen titi na kashe.

Fitila mai ƙiftawa tana nufin wata silinda ba ta ƙona mai, ɗanyen fetur yana gangarawa cikin salansa ya ƙone a kan katalis, abin da kanikawa ke kira indomi, har ya iya narkar da shi. Na jona na'ura: P0303, silinda ta uku. A wannan injin kowace silinda da nata kwayil mai ba da wuta a saman fulogi, noti ɗaya mai lamba 10 ke riƙe da shi, kuma ana ƙirga silinda daga ɓangaren fanbel. Na musanya kwayil na uku da na ɗaya, na goge, na ɗan ja ta gaba. Lamba ta koma P0301. Matsalar ta bi kwayil, ke nan ba fulogi ba ne, ba nozul ba ne, ba kuma gaskit ɗin da muka sa ba, wanda shi ne ya fara faɗo mini a rai. Da na haska jikin kwayil ɗin na ga siririn tsagu da farin tabo inda wuta ke tsallakewa.

Na zare soket ɗin nozul na silindar da mataccen kwayil yake don mai ya daina shiga, muka lallaɓa da silinda uku har Daura. An riga an shafa fatiha kafin mu isa, Kawu bai ce komai ba amma na ga ransa bai so ba. Wani mai kayan gyara ya kawo kwayil Beljiyam guda uku, na zaɓi wanda lambar jikinsa ta yi daidai da tawa, N13,000. Na ɗaura a ƙofar shagon, na mayar da soket, na gwada a gabansa kafin in biya. Mun dawo Katsina bayan la'asar ba fizga ko ɗaya.

Laraba, 15 ga Janairu

Na kwance fulogai na duba. Denso SK16R11 ne, amma bakinsu ya cinye, tazarar ta wuce milimita 1.1 da ya kamata. Fulogi mai faɗin baki yana wahalar da kwayil, don haka sauran ukun ma suna cikin haɗari. Sai ƙarshen wata.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na sake cika tanki. Kafin gyara ina samun wajen kilomita 9 a lita a cikin gari, yanzu 11 da ɗan ɗori, duk da akwai tafiyar Daura a ciki, don haka sai na sake aunawa da zirga-zirgar gari zalla.

Jimlar abin da na kashe zuwa yau N109,000 ne. Ya ninka kuɗin sensar da aka ce in saya fiye da sau biyu, amma sensar tana nan a jikin motar tana aiki, kuma da na canza ta ba ɗaya daga cikin matsalolin huɗu da za ta taɓa.

Fitila a kashe take. Gwaje-gwajen da birenbos ke yi wa kansa sun kammala in ban da na tururin tanki. Sai dai P0420 ta bayyana a jerin jira, wato katalis ba ya tace hayaƙi yadda ya kamata. Na duba sensar hayaƙi ta biyu, wadda ke bayan katalis, a juyi 2,500: maimakon ta zauna wajen bolt 0.6 zuwa 0.7, tana lilo tsakanin 0.2 da 0.8. Ko dai katalis ɗin ya gaji, ko an taɓa fasa shi an kwashe cikinsa kafin motar ta zo hannuna, ko kuma salansa na fitar da iska kusa da sensar. Zan fara da mai arha: ranar Asabar mai walda zai ɗaga motar mu nemi huji da alamar tsohuwar walda a jikin tukunyar. Idan albashi ya shigo, fulogai huɗu na asali da kwayil ɗaya na ajiya a but, sannan a auna ƙarfin fil famfo, wanda ya kamata ya ba da 44 zuwa 50 a ma'aunin psi.